Amsa ga wanda aka tura aiki Gembu, saman tsaunin Mambila

Salam ƙanena. Ka ce an tura ka aiki Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, kai kuma ɗan Katsina ne ko Jos ba ka taɓa wucewa ba, kana tambaya wane irin wuri ne, su wa ke zaune a can, ka tafi da iyali ko a'a, kuma ko akwai 'yar sana'ar da mutum zai haɗa da albashi. Toh ni aikin dabbobi na yi a can na shekaru masu ɗan dama, allurar shanu da duba garke, na hau babur na hau doki wani wurin ma sai a ƙafa, don haka in ka ga na cika zancen ciyawa da shanu ka yi haƙuri, ta nan na san wurin, kuma gaskiya ta nan ne ma za ka fi gane shi.

Bari in fara da hanya don ita za ta fara gaishe ka. Daga Jalingo za ka bi ta Bali ka isa Serti, duk wannan ƙasa ce mai zafi irin wadda ka saba, har ka kai Mayo Selbe, daga nan sai mota ta fara hawa, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya rami a ɗaya hannun. Akwai hawan da ake kira Biyu da Sisi, labarin da mutanen wurin ke bayarwa shi ne tun kafin a yi hanyar mota ladan ɗan dakon da zai hau da kaya a ka ke nan, sule biyu da sisi, sunan ya bi wurin har yau. Ranar da na fara hawa direbanmu tun daga ƙasa yake ta surutu da waƙa a rediyo, muna fara hawan sai ya kashe rediyon ya yi tsit, wata dattijuwa a baya ta fara salati, kunnuwana suka toshe kamar na nutse a ruwa, can ƙasa kuma kana hango gawar wata babbar mota da birki ya yaudara. Kafin mu kai Maisamari kowa ya ɗaga gilas yana laluben rigar sanyi a jaka. Ka ware wa tafiyar yini guda, kar ka yarda a hau da kai da dare, kuma in ka ga an lafta wa mota kaya har saman ta ka haƙura ka jira wata.

Saman tsaunin tsayinsa wajen mita 1,600 ne daga teku, wasu wuraren kamar Nguroje sun fi haka, ka kwatanta da Jos da take wajen mita 1,200 mutane ke ta kukan sanyinta. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, Chappal Waddi da ake kuma kira Gangirwal, mita 2,419, yana nan kusa a kan iyakar Kamaru cikin gandun dajin Gashaka Gumti, wanda shi ne gandun dajin gwamnatin tarayya mafi girma a ƙasar. Da rana zafi ba ya cika wuce digiri 25, da dare kuwa sai bargo biyu, alwalar asuba a watan Disamba ko Janairu sai ka dafa ruwa in ba haka ba yatsunka su ƙi lanƙwasuwa. Amma abin da ya fi ba ɗan Katsina mamaki ba sanyin ba ne, ruwan sama ne. Damina tana farawa tun wajen Maris ko Afrilu ba ta ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba, kuma akwai hazo, ba irin namu na ƙura ba, hazon ruwa ne, gajimare ne kawai ya sauko ya zauna a kan gari ka kasa ganin mai tahowa a gabanka. Wanki ya kwana uku bai bushe ba, takalmin fata in ka ajiye shi ƙarƙashin gado sai ka tarar ya yi fumfuna.

Ƙasar kuma ba daji ba ce kamar yadda za ka zata, tuddai ne masu santsi an lulluɓe su da ciyawa kore shar har iya ganinka, tsakaninsu kwaruruka da rafuka, itatuwan da za ka gani jere kusa da gari yawanci bishiyar turare ce da aka kawo aka dasa, ita ce katakon gini ita ce makamashi. Asalin kurmin ya rage kaɗan kaɗan a cikin kwazazzabai, wanda ya fi suna shi ne Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, akwai birai iri iri har da irin manyan nan masu kama da mutum, masu bincike har daga ƙasar waje suke zuwa. Kogin Donga daga tsaunin nan yake tasowa ya gangara ya faɗa Binuwai.

Sunan Sardauna da ka ji kar ka ɗauka an sa shi ne haka kawai don girmamawa. Yankin nan da can ba Najeriya ba ne. Kamaru ce ta Jamus, bayan yaƙin duniya na ɗaya aka raba ta tsakanin Ingila da Faransa, wannan ɓangaren ya faɗa hannun Ingila a matsayin ƙasar riƙon amana, suna gudanar da shi tare da Arewa. A watan Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, Kamarun Arewa ta zaɓi Najeriya, ta Kudu wato su Bamenda ta zaɓi Kamaru, sai aka sa wa sabon lardin suna Lardin Sardauna saboda rawar da Ahmadu Bello ya taka wajen jawo su. Lardin ya tafi, aka yi Gongola a 1976, aka cire Taraba a 1991, amma wannan ƙaramar hukumar ta riƙe sunan. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne layin iyakar ya ratsa ta tsakiyar dangi ne, akwai Mambilawa a wancan gefen wajen Banyo da Somie, mutum gidansa a Najeriya kawunsa a Kamaru, biki ko rasuwa ba wanda ke neman fasfo.

Mambilawa su ne tsoffin mazauna tsaunin, manoma ne na gaske, masara da gwaza da wake da ayaba, kuma yarensu ya rarrabu sosai, na wani ƙauyen sai ya sha wuya kafin ya gane na wani ƙauyen da ke bayan tuddai biyu uku. Masana harsuna ma suna sa yankin nan na iyakar Najeriya da Kamaru a matsayin inda harsunan Bantu suka samo tushe kafin su bazu har kudancin Afirka. Sai Kaka da Panso da Kambu, waɗanda tushensu yana haɗe da tsaunukan Kamaru ta wajen Nkambe da Kumbo, sai Fulani masu shanu da na gari, sai Hausawa 'yan kasuwa da mahauta da malamai, sai Inyamurai masu shagunan kayan gyara da magani, ta gangaren yamma kuma akwai Ndoro da Tigun. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar sama da mutum dubu 200, yanzu kuwa an ƙaru sosai.

Ga abin da zai ba ka mamaki, Hausa tana aiki a Gembu da kasuwanni, ba za ka ɓata ba, amma harshen da ya haɗa kowa a saman tsaunin Fulatanci ne. Za ka ga Bamambile da Bakake suna ciniki da Fulatanci ba Bafulatani ko ɗaya a wurin, ga kuma turancin buroka irin na Kamaru. Ka koyi gaisuwa ko da jam na da jam waali ne da useko, wlh ƙofofin da wannan zai buɗe maka takardar ofis ba za ta buɗe su ba. Addini kuma a cakuɗe yake, Mambilawa akwai Musulmi da yawa akwai Kirista da yawa, 'yan Baftis sun daɗe a wurin tun mishan ɗin Warwar, gida ɗaya sai ka samu wan liman ne, ƙanen kuma fasto, ga kuma masu riƙe da al'adun gargajiya irin su Sua. Don Allah kar ka hau can da bakin nan namu na kiran mutane arna ko ƙabilu, kar kuma ka ɗauka duk wanda ba Bafulatani ba Kirista ne, na ga baƙi da yawa sun ji kunya ta nan.

Yanzu maganar da ta fi komai, ƙasa da ciyawa. Saboda tsayin wurin babu ƙudan tsando a sama, ke nan babu sammore da ke kashe shanu a gangare, ga ciyawa kusan wata takwas tara tana ɗanye, ga ruwa ko'ina. Ga mai shanu wannan aljannar duniya ce. Tun ƙarni na 19 Fulanin Banyo suna kai hare hare tsaunin, wannan tarihin bai bar zukatan mutane ba, amma shigowar shanu da yawa su zauna dindindin ya fi ƙarfi ne daga wajen shekarun 1940, Turawa ma sun so haka saboda jangali. Shanu suka yi ta ƙaruwa, gudali da jajayen nan masu dogon ƙaho, har wurin ya zama cikin inda shanu suka fi cunkuso a Najeriya. Sai aka tsara abu kamar haka, kan tudu na kiwo, kwari na noma. A takarda ya yi kyau. A ƙasa kuwa manomi iyalinsa suna ƙaruwa kwarin ba ya ƙaruwa, yana ɗaga kai ya ga tudun da kakansa ya ce nasu ne an zagaye shi da waya mai ƙaya, mai wayar kuma yana da satifiket na mallaka daga gwamnati, musamman bayan dokar filaye ta 1978, kuma ba ƙananan makiyaya kaɗai ba, har manyan masu kuɗi da masu mulki da ba sa ma zama a wurin sun killace filaye masu faɗi. Shi kuma makiyayin zai ce maka a nan aka haifi ubansa, ya biya haraji shekara da shekaru, takardarsa halal ce, ina ake so ya je. Da rani in ciyawar tudu ta bushe shanu dole su gangara kwari neman ɗanye da ruwa, daidai inda manomi ya shuka masararsa ta fadama. Ka ga wuta da auduga ke nan.

Na taɓa zuwa allura wani ruga da sassafe na tarar ana shari'ar ɓarna a bakin gona, mai gonar ta tsaya riƙe da karan masara guda uku da shanu suka tattake tana nuna wa mai unguwa, yaron da ke kiwon bai wuce shekara goma sha biyu ba yana ta rawar sanyi da tsoro, uban ya zo ya tsuguna aka ƙirga kunya kunya aka yanke kuɗi, ya ce ba shi da su sai ranar kasuwa, matar ta ce ta yarda, kafin in gama haɗa sirinji sai ga matarsa ta kawo wa mai gonar ƙwaryar nono. Yawancin rigingimun haka suke ƙarewa kuma ba mai jin labarinsu. Amma in siyasa ta shiga, musamman rabon kujerar shugaban ƙaramar hukuma da zancen wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, sai abin ya fi ƙarfin mai unguwa. An yi mummunan rikici a farkon 2002 har Fulani da yawa suka tsallaka Kamaru da shanunsu, an sake yi a watan Yuni 2017, an rasa rayuka da dukiya mai yawa, kuma har yau kowane ɓangare da nasa lissafin da nasa labarin yadda aka fara. Ni a ganina duk wanda ya ce maka rikicin addini ne bai san wurin ba, Musulmi ne a ɓangarorin biyu, rikicin fili ne. Shawarata kai ma'aikaci ne, ka saurari kowa, kar ka yanke hukunci a majalisa ko teburin mai shayi, kuma kar ka sayi fili a shekararka ta farko komai arahar da aka yi maka.

Wani abin da ke damuna a matsayina na malamin dabbobi, ciyawar kanta ta gaji. Tuddai da yawa shanu sun cinye mai kyan sai wata mai tauri da wani ganye mai kama da gashin tsuntsu da shanu ba sa ci suka mamaye, ga zaizayar ƙasa ta bi hanyoyin shanu ta zama kwazazzabo. Sammore babu amma kaska da ciwon hanta da kirci suna nan saboda laima, in ka ga mutum da shanu ɗari kar ka yi saurin cewa ya huta.

Ta fannin abin da ƙasar ke bayarwa kuwa Allah ya yi mata albarka. A Kakara akwai gonar ganyen shayi da masana'antarsa, inda ake yin Highland Tea, in ka je da safe za ka ga mata da kwanduna a baya suna tsinkar toho cikin layuka kamar an yi musu aski, ƙananan manoma na kewaye ma suna nomawa su sayar wa kamfanin. A Kusuku akwai reshen cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke aiki kan shayi da kofi, don kofi irin na arabika yana yi a nan duk da noman sa ya ja baya. Ga dankalin turawa, ga fiya wadda a Kano ake sayar da ita da tsada a can kuwa lokacinta har ruɓewa take a gindin bishiya, ga ayaba, ga zuma, ga goro ta gangare, ga katakon turare. Nono da man shanu kuwa sai ka gaji. Abincin gida tuwon masara ne da miyar kumbi, wani ganye mai ɗan ɗaci ɗaci, kwana uku za ka yi kana yatsina fuska daga nan kai za ka riƙa nema. An kuma yi zamanin haƙar shuɗin dutse mai daraja a Mayo Sina wajen Nguroje, samari suka bar gona da makaranta suka tafi rami, 'yan kaɗan suka yi kuɗi, saura suka dawo da bashi da tari.

To me ya sa duk da wannan arziki mutane ke cikin talauci? Hanya. In ka bar babban titin da ya zo Gembu sauran duk jar laka ce, da damina tsofaffin Land Rover ne kawai da babura ke iya shiga, irin Land Rover ɗin da a wani wuri sai gidan tarihi, a can su ne sarakan hanya, makanikan Gembu sun san su kamar yunwar cikinsu. Wasu garuruwan na hayin kogin Donga sai an sa babur a kwalekwale an haye da shi. Buhun dankali kuɗin fito da shi daga ƙauye zuwa titi sannan a sauko da shi tsauni yana iya cinye ribar gaba ɗaya, shi ya sa manomi ke sayarwa da araha, mai mota da dillali su ke ci. Haka kuma duk abin da aka hau da shi daga ƙasa, siminti, fetur, shinkafa, sai ya fi tsada.

Za ka ji ana ta zancen wutar Mambila. Aikin madatsar ruwa ne da ake magana tun shekarun 1970 zuwa 1980, a 2017 aka sa hannu kan kwangilar kusan dala biliyan 5.8 da kamfanonin China don samar da megawat 3,050, daga baya aka ce a rage shi zuwa wajen rabi, sai shari'a da wani kamfani kan tsohuwar kwangila ta riƙe shi a kotun sasanci a Faris, har Obasanjo da Buhari suka je ba da shaida a farkon 2025. In ka tambayi ɗan Gembu zancen dam dariya kawai zai yi maka. Kai dai ka sayi 'yar sola da fitila mai caji kafin ka hau.

Iyaka kuma, ta wajen Dorofi da Kan Iyaka da Mayo Ndaga da sauran hanyoyin da ba su da suna a taswira, mutane na shiga na fita kullum, naira da sefa, kuɗin Kamaru, duk suna yawo a kasuwannin bakin iyaka, kuma ɗan kasuwar wurin yana bin farashin sefa kamar yadda na Kantin Kwari ke bin dala. Da can fetur ne babbar hajar da ke tsallakawa a jarkoki bisa babur, cire tallafi a 2023 ya rage wa harkar armashi. Shanu ma suna shigowa daga Kamaru, wanda mu ma'aikatan dabbobi shi ne ciwon kanmu don cuta ba ta san iyaka ba, ka yi wa garke allura yau gobe a haɗa shi da wanda ba a taɓa yi wa ba. Tun da rikicin yankin masu turancin Ingilishi na Kamaru ya ɓarke wajen 2017 'yan gudun hijira da dama sun shigo Sardauna, yawancinsu wurin dangi suka sauka, haya ta ɗan tashi, makarantu da asibiti suka ƙara cika. Kar ka tsallaka don yawon buɗe ido ba tare da ɗan gari da takardarka ba, ta wancan ɓangaren na Nkambe har yanzu ba a gama zaman lafiya ba.

Zancen sana'a, abin da na ga ma'aikata suna yi ya yi musu kyau shi ne sayen zuma da man shanu da fiya da dankali lokacin kaka su aika ƙasa, amma ka fara kaɗan, ka samu direba ɗaya amintacce, kuma ka fi karkata ga abin da ba ya lalacewa da wuri, zuma ta fi fiya kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, mota ta kwana biyu a hanya fiyarka ta zama kunu. Wasu kuma suna sayen ɗan maraƙi su ba amintaccen makiyayi riƙo, wannan sai ka san mutum sosai kuma a yi a gaban shaidu.

Iyali kuwa ni zan ce ka fara zuwa kai kaɗai ka yi wata biyu uku, in son samu ne ka ga damina da idonka, ka nemi gida mai silin wanda ba ya yoyo kuma kusa da titi, sannan ka ɗauko su. Akwai babban asibiti a Gembu da makarantu, garin ba ƙauye ba ne, amma duk abin da ya fi ƙarfinsu sai an sauka tsaunin nan, don haka in madam tana da juna biyu mai matsala gara ta haihu a gida tukuna. Yara ƙanana a saya musu rigunan sanyi da safa da hula tun daga Katsina ko a gwanjon Jalingo, kai kuma takalmin roba na ruwa da rigar ruwa, sannan gidan sauro kar ka bar shi don an ce maka sama babu sauro, ya yi kaɗan ne kawai, a kwari yana nan.